Sirka Rinin Katako Don Samun Launi Mai Haske a Yanayin Haɗeja

Rinin katako, wanda kafintoci suka fi kira kala, ruwa ne mai launi da ake shafa wa katako kafin a sa masa banish. Fenti rufe katako yake yi ruf, shi kuwa rini shiga jikinsa yake yi, ya sauya masa launi, ya bar zanensa a fili. Yawancin wanda ake sayarwa a gwangwani ko a kwalba da ƙarfinsa yake zuwa, don haka idan aka shafa shi yadda ya zo, katakon kan yi duhu fiye da yadda mai kaya ya nema. Maganin wannan shi ne sirki, wato a ƙara wa rinin ruwan da ya dace da shi har launin ya sassauta. A baki aikin ba wuya, amma a nan ne gadon amarya ko ƙofar falo kan yi kyau ko su ɓaci. A gari irin Haɗeja kuma, inda iska ke bushewa ƙayau da hunturu ta kuma cika da laima da damina, sirkin da ya yi daidai a watan Janairu ba lalle ne ya yi daidai a Agusta ba.

Abin da ke cikin gwangwani

Yawancin rinin kanti abu uku ne a haɗe: launin kansa, ruwan da ke ɗauke da shi, da ɗan danƙon da ke riƙe launin a jikin katako bayan ruwan ya tashi. Sirki ruwan kawai yake ƙarawa. Launin da danƙon duk raguwa suke yi a kowane cokali, kuma mafi yawan matsalolin da ke biyo baya daga nan suke tasowa.

Launin iri biyu ne. Na farko gari ne mai laushi ƙwarai, galibi daga ƙasa mai tsatsar ƙarfe, ja ko rawaya ko ruwan ƙasa. Ba ya narkewa, yawo yake yi a cikin ruwan, kamar lakar da kogin Haɗeja ke ɗaukowa a tsakiyar damina, wadda in an ɗebo ruwan an ajiye a tulu sai ta kwanta a ƙasa. Idan aka shafa irin wannan rini, garin yana maƙalewa ne a ƙananan ramukan katako da cikin kowane ƙarcen da samfefa ta bari. Shi ya sa yake fito da zane sosai a katako mai manyan ramuka, shi ya sa kuma yake buƙatar danƙo, domin ba abin da ke riƙe shi sai danƙon. Na biyu narkakken launi ne, wanda ke bin ruwan ya shige cikin naman katakon. Irinsa na masana'anta ya samo asali ne daga 1856, lokacin da William Perkin ya haɗa rinin farko daga sinadaran kwal a Landan. Narkakken launi ya fi jure sirki, ana iya tsinka shi sosai ba tare da ya lalace ba, sai dai rana tana cin sa da sauri. Launin gari kuwa yana daɗewa bai koɗe ba. Ga ƙofa ko taga da za ta fuskanci ranar Haɗeja, wannan bambanci ya fi kowane lissafin sirki muhimmanci. Gane su ba wuya: a bar gwangwanin ya kwana, a sa tsinke a taɓa ƙasansa. In an ji abu ya kwanta, akwai gari a ciki.

Kowane rini da ruwansa

Ƙa'idar farko ita ce a sirka rini da irin ruwan da aka haɗa shi da shi. Rinin mai ana sirka shi da tafentin ko farin sipirit na fentin mai. Rinin ruwa, da ruwa. Wanda aka narka a sipirit, da sipirit. Wanda ake fesawa tare da sila (ruwan toshe ramukan katako) da banish na selulos, irin wanda masu fentin mota suka saba da shi, da tinar selulos. Jikin gwangwani kan faɗi abin da ake wanke buroshi da shi, kuma wannan abin shi ne na sirki. Idan aka saɓa, rinin kan guntse, ya rabu gida biyu, ko ya yi gudaji-gudaji, ba kuma motsawar da za ta mayar da shi daidai.

Kananzir yana shiga rinin mai, amma jinkirin bushewa gare shi, kuma yakan bar maiƙo a jikin katako, wanda daga baya ke hana banish kamawa. Fetur kuwa bai kamata ya shiga wannan aiki ba ko kaɗan. Gaskiya ne tina ta yi tsada, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma fetur yana nan a bakin kowane titi a galan. Amma yana tashi kafin a gama baza rinin, ya bar sawun tsumma, tururinsa kuma yana kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har murhun mai shayi ko inda ake walda a shagon maƙwabci. Abin da aka rage a kuɗin tina bai kai a sa yaran shago a wannan haɗari ba.

Ruwan da za a sirka rinin ruwa da shi ma sai an duba. Ruwan kogi ko na kududdufi yana da laka, kuma lakar za ta dushe launin. Wanda ya zauna a gwangwani mai tsatsa ya fi shi ɓarna. Katako irin maɗaci yana ɗauke da sinadarin ɗaci irin na bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma duk inda wannan sinadari ya haɗu da ƙarfe da danshi baƙi yake bayarwa. Dukawa sun daɗe da sanin haka, don ta haka suke samun baƙin fata da rinin da ake kira kuloko. Ga mai neman haske wannan asara ce, saboda haka sai ruwa mai tsabta a mazubin roba ko kwalba.

Awo da gwaji

Lissafin a takarda mai sauƙi ne. Awo huɗu na rini da awo ɗaya na ruwan sirki sun bar kashi 80 cikin 100 na ƙarfin launin. Ɗaya da ɗaya sun raba shi biyu. Ɗaya da uku sun bar rubu'i. Amma ido ba ya bin wannan lissafi sau da ƙafa, domin katakon ma da nasa launin, kuma yadda yake shan ruwa ya bambanta daga falanki zuwa falanki. Saboda haka ba a yanke hukunci a cikin gwangwani, sai a kan katako.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ɗauki guntun da ya rage daga katakon aikin, a goge shi da samfefa daidai yadda aka goge kayan, a raba shi gida huɗu ko biyar da fensir. A gida na farko a shafa rinin yadda ya zo, a na biyu huɗu da ɗaya, a na uku ɗaya da ɗaya, haka har ƙarshe, a rubuta awon kowanne a gefe. Abin awon ba sai na musamman ba, gwangwanin tumatir ko murfin kwalba ya isa, muddin shi ɗin za a riƙe har a gama. Sai a bar shi ya bushe, a shafa wa rabin kowane gida banish ɗin da za a yi amfani da shi. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali shi ne mai faɗin gaskiya: busasshen rini fari-fari yake nunawa, da banish ya hau sai launin ya dawo da ƙarfinsa, banish na mai kuma yana ƙara nasa ruwan zuma, wanda ke daɗa nuna da shekaru. Wannan guntu shi ya kamata a nuna wa mai kaya, a hasken rana da kuma cikin ɗaki, kafin a taɓa kayansa.

In an tsayar da awo, sai a haɗa wanda zai ishi aikin gaba ɗaya a mazubi guda. A ƙasar Hausa iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, kuma gado da sif da madubi da durowa a ɗaki ɗaya za su zauna, kusa da juna, inda 'yan ganin ɗaki za su ƙare musu kallo. Idan aka haɗa na gado yau, na sif jibi da ƙiyasin ido, bambancin zai fito. A riƙa motsa haɗin kuma lokaci-lokaci ana cikin aiki, don rinin da aka tsinka garinsa ya fi saurin kwanciya. In ba haka ba, ƙofar sif ta farko za ta fito da haske, ta ƙarshe da duhu.

Sirki yana da iyaka. Rinin gari da aka tsinka fiye da kima danƙonsa ba ya isa, sai launin ya riƙa fita a hannu bayan ya bushe, ko buroshin banish ya kwashe shi ya yi jirwaye. Rinin ruwa na gwangwani ma sau da yawa masu yin sa ba sa son a wuce kashi 10 cikin 100 na ruwa. In ana son haske sosai, gara a sirka da rini marar launi na kamfanin, wanda ke da ruwa da danƙo amma ba gari, ko a ɗiga ɗan banish na mai a cikin haɗin rinin mai don ya mayar da danƙon da ya ragu. Kuma a kullum gara a fara da haske. Shafa ta biyu tana ƙara duhu cikin minti kaɗan, amma cire duhun da ya riga ya shiga aikin yini ne.

Katakon da ake samu

Ƙasar Haɗeja ƙasar fadama ce da noma da su, ba ta manyan dazuzzukan katako ba. Falankin da kafintoci ke aiki da shi a Haɗeja, Malam Madori, Auyo, Kafin Hausa da sauran garuruwan masarautar galibi daga dazuzzukan kudu yake tasowa, ya biyo ta manyan kasuwanni irin ta 'yan katako da ke Na'ibawa a Kano. Kowane iri da yadda yake karɓar rini.

Farin katako marar nauyi, irin obeche da afara, shi ya fi arha, shi ya fi kuma wahalar rinawa. Yana shan ruwa da yawa, ba kuma daidai ba: wani wuri ya zuƙe, wani ya ƙi, sai fuskar ta yi dabbare-dabbare. Mutane kan ɗauka cewa tsinka rinin zai magance wannan, amma rini mai ruwa-ruwa ya fi nutsewa a wurare masu laushi, dabbaren yana nan, ƙarfinsa ne kawai ya ragu. Abin da ke magance shi shi ne a fara shafa sila da aka tsinka sosai, kamar awo ɗaya da tina uku ko huɗu, a bari ta bushe, a bi ta da samfefa mai laushi sama-sama, sannan a sa rini. Silar tana toshe wuraren da suka fi ƙishirwa, launin ya kwanta bai ɗaya, kuma da kansa yakan fito da haske. Malaina ma fara ce, sai dai tana daɗewa ba ta bushe a ciki ba, don haka a tabbatar ta bushe kafin a rina.

Jan katako labarinsa dabam. Loko sabon yanka rawaya-rawaya ne, haske na taɓa shi yana komawa ruwan ƙasa. Maɗaci da danginsa na kudu da jaja-jaja suke farawa, su yi ta nuna har su zama ja mai duhu. Darbejiya, wadda aka shigo da ita ƙasar Barno a 1928 ta kuma cika garuruwan arewa, dangin maɗaci ce, cikinta ma ja ne. Duk wanda ya rina irin waɗannan har suka kai launin da yake so a ranar aiki, bayan shekara zai tarar sun zarce. Rini kaɗan suke so, mai ruwa sosai, don a daidaita farin gefen falanki da jan tsakiyarsa kawai. Sau da yawa ma banish shi kaɗai ya wadatar. Rini kuma, komai sirkinsa, ba ya mayar da katako ya fi asalin launinsa haske. Mai son kaya ruwan madara sai ya fara da farin katako.

Filawud fatar samansa ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, samfefa na iya huda ta. Allunan garin katako da aka lulluɓe da leda mai zane, waɗanda suka yawaita a kayan ɗaki na zamani, ba sa shan rini sam.

Akwai dalilin da ya sa baƙin launi ya daɗe yana kasuwa. Duhu yana rufa wa aiki asiri: katako iri uku a gado ɗaya, ramin ƙusa da aka cike da garin katako da gam, tsagar da aka toshe, duk suna ɓuya a ƙarƙashinsa. Launi mai haske ba ya ɓoye komai. Ɗigon gam da aka manta ba ya shan rini, fari zai fito tas. Ƙarcen samfefa da aka yi a gicciye zai fito kamar da alƙalami aka ja shi. Don haka mai neman haske katako mai kyau da gugar kirki yake nema, ko bai faɗa ba, kuma ya dace a gaya masa haka tun wajen ciniki. Ribar launi mai haske kuwa a fili take: ɗaki mai ƙaramar taga ya fi sakewa da kaya masu haske, ƙurar hunturu ma ba ta nunawa a kansu yadda take nunawa a kan baƙi mai ƙyalli.

Samfefa da tsumma

Ba sirki kaɗai ke kawo haske ba. Katakon da aka tsaya da gugarsa a samfefa mai lamba 120 ya fi wanda aka kai 180 ko 220 shan launi, domin ƙarcensa ya fi zurfi. Bakin yanka, inda jijiyoyin itacen suke a buɗe, yana yin duhu ninki. Sai a ƙara masa guga da lamba ta gaba ko a taɓa shi da tsinkakkiyar sila. Lokacin da rini ya yi a kan katako kafin a share shi ma awo ne: wanda aka share da tsumma bayan minti ɗaya ya fi wanda ya yi minti goma haske. Sharewar kuwa dole ce, a bi tsawon zanen katako da tsumma mai tsabta har ya daina ɗaukar launi. Rinin ruwa yana tayar da gashin katako, don haka ake fara jiƙa fuskar da ɗanyen tsumma, a bari ta bushe, a goge gashin, kafin a rina.

Hunturu, bazara da damina

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Haɗeja busasshiya ce ƙwarai, a Afrilu da Mayu kuma zafi kan wuce digiri 40. A waɗannan watanni ruwan sirki tashi yake yi nan da nan. Rinin sipirit ko na tina kan bushe kafin hannu ya kai ƙarshen falanki, inda shafa ta hau kan shafa kuma sai layi mai duhu ya fito. Dabarar ita ce a yi aikin da sassafe, a inuwa, a ɗauki fuska ɗaya a gama ta kafin a koma wata, mutum ɗaya na shafawa ɗaya na bin sa da tsumma. Katakon da ya sha rana a bar shi ya huce tukuna. Rinin mai, da yake yana jinkiri, ya fi sauƙin sarrafawa a wannan lokaci, amma jinkirin nasa yana ba ƙura damar sauka, don haka a yayyafa ruwa a ƙasan shago, a kuma kare ɓangaren da iska ke shigowa.

Akwai kuma batun ɗanyen katako. Falankin da ya taso daga kudu da laimarsa yake zuwa, in ya iso arewa da rani sai ya yi ta tsukewa. Idan aka haɗa ƙofa aka rina tun bai gama bushewa ba, bayan makonni allon tsakiya zai ja baya, wani farin layi da rini bai taɓa ba ya bayyana a gefensa. Jera falanki a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har ya saba da iskar gari, da rina gefen allo kafin a haɗa shi, su ke hana wannan.

Daga Yuli zuwa Satumba al'amarin juyawa yake yi. Fadama ta cika, iska ta yi nauyi, rinin mai da kan bushe a yini guda sai ya kwana biyu yana danƙo. In aka yi gaggawar sa banish a kai, launin zai narke ya bi buroshi. Masu feshi da selulos kuma kan gamu da wani farin hazo a fuskar aiki: tina mai saurin tashi tana sanyaya wurin, laimar iska ta zama raɓa ta shige ciki. Ƙara irin wannan tinar ƙara hazon yake yi. Sai a jira rana ta ɗaga, ko a nemi tina mai jinkirin tashi.

Gyaran abin da ya riga ya yi duhu

Idan rinin bai bushe ba, tsumma da aka jiƙa da ruwan sirkinsa zai ɗebe kaso mai yawa. In ya bushe, sai samfefa. Bilicin wanki yana cin narkakken launi, amma ba ya taɓa launin gari, kuma bayansa dole a ɗauraye katakon a bar shi ya bushe sarai.

A wannan yanki gyara yakan zo ne ta hanyar ambaliya. Ruwan da ya mamaye garuruwa da ƙauyukan bakin kogin Haɗeja a 2020 da 2022 ya shiga ɗakuna, kuma duk kayan katakon da suka tsaya a ruwa sukan fito da zobe a ƙafafu, da baƙin tabo kewaye da kowace ƙusa. Allon garin katako in ya kumbura ya tafi ke nan. Katako na gaske kuwa yana gyaruwa: a busar da shi a inuwa a hankali don kada ya tsage, a kankare tsohon banish, a wanke baƙin tabon ƙarfe da ruwan sinadarin ogzalik, a ɗauraye. Wurin da aka gyara zai fi sauran jikin haske, kuma a nan ne tsinkakken rini ya fi amfani. Ana shafa shi sama-sama, a bari ya bushe, a gwada da na kusa da shi, a ƙara, har sabon wuri ya saje da tsoho. Shafa uku marasa ƙarfi sun fi guda mai ƙarfi saje wuri, domin kowacce tana ba da damar tsayawa.

Lafiyar mai aiki da ajiyar saura

Tinar selulos tana ɗauke da sinadarai masu sa jiri da ciwon kai, shaƙarsu na tsawon shekaru kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ƙyallen rufe hanci ƙura kawai yake tarewa, tururi yana wucewa, saboda haka a yi haɗi da shafa a inda iska ke ratsawa, a kuma daina wanke hannu da tina ko fetur. Tafentin da kananzir sai zafi ya kai wajen digiri 35 zuwa 40 tururinsu ke kama wuta, wanda a ƙasashe masu sanyi kariya ce, amma a bazarar Haɗeja zafin rana kaɗai ya kai nan. Tsumman da ya sha rinin mai, musamman mai man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa cikin tarin garin katako yana iya yin zafi da kansa har ya kama. A shanya shi a baje a waje, ko a tsoma shi a bokitin ruwa.

Sauran haɗin a zuba shi a kwalba ko gwangwani mai murfi, kada a sa shi a gorar lemo ko ta ruwan sha inda yaro zai ɗauka abin sha ne. A rubuta sunan rinin da awon sirkin a jiki, a ajiye tare da guntun gwajin, nesa da rana. Ruwan sirkin yana raguwa ko da murfi a rufe, launin ya daɗa ƙarfi, don haka idan mai kaya ya dawo neman ƙarin kujera ko teburi, sai an motsa haɗin an sake gwada shi a sabon guntu kafin a shafa.